Farar Rigar da Ta Kori Barnabas Thwaite

Barnabas Thwaite ɗan masaƙi ne da ya yi karatu har ya zama limamin coci. Shekara goma sha tara yana na'ibi a ƙauyenmu, Harkby. Babban limamin, Dakta Fenwick, sau biyu a shekara muke ganinsa. Wa'azi, baftisma, ɗaurin aure, duk Barnabas ne.

Da annoba ta shigo a 1665, Dakta ya aiko takarda daga birni, wai yana yi mana addu'a. Barnabas kuwa gida-gida yake bi da burodi da romo. Mutum sittin da ɗaya ya binne, har da matarsa Dorcas. Da mai haƙa kabari ya mutu, shi ya ɗauki shebur. Ranar da ƙanwata ta cika, babu ko ƙyalle a gidanmu, an ƙone komai saboda cutar. Sai ya tuɓe farar rigar da yake jan ibada da ita ya miƙo mini.

"Naɗe ta a ciki, Margery. Ba za ta shiga ƙasa haka ba."

Shekara na zagayowa Dakta ya mutu. Duk ƙauye muka roƙi a ba Barnabas kujerar. Amma zaɓen yana hannun uwargida Ashcombe, mai filayen da muke nomawa, ita kuma ɗan ƙanwarta take so ta ba. Sai ta kai ƙara wurin bishop, shugaban limaman yankin, cewa Barnabas ya yi watanni yana ibada ba farar riga, halin 'yan tawayen da ke ƙin bin dokar coci.

Wakilin bishop ya zo bincike, yana toshe hanci da hankici. Na miƙe a tsakiyar coci.

"Ranka ya daɗe, rigar tana kabarin ƙanwata. In ana bukata, a tono."

"Zauna, baiwar Allah. Doka ba ta san ƙanwarki ba."

"Ina dokar take lokacin da muke jan gawa?"

Barnabas ya ce, "Ya isa, Margery." Bai ƙara kalma don kare kansa ba, kuma har yau ina jin haushinsa a kan haka.

Aka tura shi wani coci a fadamar bakin teku. Zazzaɓi ya kashe shi a hunturu na biyu. Sabon limaminmu, ɗan ƙanwar uwargida, ya iso da karnukan farauta bakwai, wa'azinsa na farko a kan biyayya ga manya. Ban tsaya jin ƙarshensa ba.