Tabon da Dije Ba Ta Zana Ba

An haife ni a wani ƙauye kusa da Cadakori, cikin ƙasar Gobir. Yau ina zaune a Gazawa, na daɗe da ajiye aikin koyarwa, amma duk shekarar da sanyi ya shigo aka hura wuta a tsakar gida, ɗakin kakata nake tunawa. Sunanta Hassu, ita ta haifi mahaifina. Ba ta taɓa kiran sunana ba, domin sunan mijinta aka sa mini. Angona take ce mini, wani lokaci kuma, idan na ɓata mata rai, ta ce ango marar kawo cefane.

Bayan an kwashe amfanin gona, aikin yaran gidanmu da maraice shi ne ɓarar gyaɗar iri. Da an ci tuwo sai mu taru a ɗakin Kaka, a zube gyaɗa a tabarma, a hura wutar kara a tsakiya, ana jefa mata ɓawon tana ci. Kaka tana da doka guda wadda ba ta sassautawa: muddin hannu na aiki, bakinta na aiki. Idan ta ji ƙarar ɓara ta ragu, sai ta yi shiru a tsakiyar magana, ko da kura ta riga ta buɗe baki za ta kama mutum. Ba ta faɗa, ba ta tsawa. Shirun nan kaɗai ya isa ya mayar da kowa kan gyaɗarsa.

Tana da tata hanyar buɗe tatsuniya. Takan ce, "Ga ta nan tahe, ku matsa mata wuri." Mu kuma mu amsa, "Ta shigo, Kaka, mun matsa."

Yawancin tatsuniyoyinta na dariya ne. Amma akwai guda da ba ta cika yi ba, kuma ranar da ta yi ta, babu mai kai ƙwayar gyaɗa baki a ɓoye. Ita ce ta Dije mai zanen ƙwarya.

Kaka ta ce a zamanin da, idan ana biki, kowace mace takan kawo ƙwaryarta cike da hatsi ko fura, in an watse kuma a yi ta rigima wajen rarrabewa. Dije ce ta kashe wannan rigima. Takan sa tsinken ƙarfe a wuta, ta dubi fuskar mai ƙwarya da kyau, sannan ta zana tsagen fuskarta a gefen ƙwaryar, layi bayan layi, yadda wanzami ya yi su. Ba ta tsayawa nan. Idan mace tana da tabon ƙuna, ko zanen agana, ko wurin da saniya ta taɓa tunkuyinta, shi ma sai ya hau ƙwarya. Mata sukan roƙe ta ta bar tabon, ita kuwa ta ce tsage na gida ne, ke da ƴan'uwanki duka iri ɗaya aka yi muku, idan na cire tabon ƙwaryar ta zama ta ƙanwarki.

Dije tana da ɗa guda, Nomau. Wata rana yana rarrafe ya miƙa hannu zai kama tsinken da ya yi ja a wuta. Ta duƙa da sauri ta kaɓe, tsinken ya yi tsalle ya kwanta mata a kumatun hagu, ya gitta tsagenta daga sama har ƙasa. Yaro bai ƙone ba. Ita kuwa fuskarta ta warke da wani kauri mai kama da igiya. Tun daga nan Nomau ba ya barci sai ya ɗora yatsa a kan tabon yana shafawa.

Sai aka yi shekarar yunwa. Dije ta ba wani falke ɗanta, ya tafi da shi kudu inda ake samun abinci, da alkawarin za a dawo da shi. Yunwa ta watsa garin kafin falke ya waiwayo. Dije ta koma wani gari inda ba a san ta ba, ta ci gaba da sana'arta. A can ta koyi ɗaura kallabi ta yadda gefensa zai sauko ya rufe kumatun hagu, har ta tsufa ba wanda ya taɓa ganin abin da ke ƙarƙashi.

Da ta ji ƙarfinta ya soma ƙarewa, ta zaɓi ƙwarya mafi kyau, ta rufe ɗaki, ta kwance kallabi, ta leƙa cikin randa. Ta daɗe tana duban fuskarta a ruwa. Sannan ta zana tsagenta tsaf, kowane layi a miƙe, babu abin da ya gitta su. Ta ba maƙwabciyarta, ta ce idan wani ya zo neman uwarsa mai zanen ƙwarya, a nuna masa.

Nomau ya zo kuwa, bayan ta rasu, da furfura a gemunsa. Gari gari yake bi. Bai san sunan garinsu ba, bai riƙe muryar uwarsa ba, abin da ya rage masa yana kan yatsarsa. Aka kawo masa ruwa a cikin ƙwaryar. Ya sha, ya juya ta, ya bi zanen da yatsa a hankali daga wannan gefe zuwa wancan. Ya ce aikin ya yi kyau, amma wannan fuskar rabin matan Gobir ce, tasa uwar tana da hanya da ta ratsa gonarta. Maƙwabciya ta ce ita dai ba ta taɓa ganin tabo a fuskar Dije ba. Ya yi godiya, ya ɗauki sandarsa, ya fita ta ƙofar gabas, ta gefen makabarta.

Nan Kaka take tsayawa. Takan ce, "Na kai ta gida, ku ja mata ƙyaure."

Wata rana na kasa haƙuri. A lokacin an riga an sa ni lakol, wato makarantar boko, ina jin kaina mai bincike. Na ce ashe Dije maƙaryaciya ce, ta sa wa kowa tabonsa ta ɓoye nata. Kaka ta tura kara cikin wuta, ta dube ni.

"Ba ƙarya tay yi ba, angona. Huskar da anka yi mata ran suna, ita taz zana. Sai dai ɗanta ba shi nan ran sunan." Ta nuna tabarma da haɓa. "Ɗan lakol, hannunka ya tsaya."

Na girma na tafi makarantar horon malamai, tatsuniyar Dije ta koma can ƙasan zuciya tare da sauran kayan ƙuruciya. A can muna da wani malami Bature wanda yake ganin ba a cika malami ba sai an san zane. Wata rana ya zagaya da hoton wani zane a aji. Wani mai zane ne Bafaranshe na zamanin da, ya zana kansa da hannunsa yana saurayi: yana tsaye gaban allon aikinsa, alli a hannu, riga a rataye a kafaɗa, ya juyo yana duban mai kallo ido cikin ido, kamar wanda ya riga ya san abin da zai zama. Malamin ya bayyana mana cewa su masu wannan tafarki layi mai tsabta suke girmamawa, irin na gumakan mutanen farko, kuma a wurinsu aikin mai zane shi ne ya gyara abin da ido ya gani har ya kai yadda ya kamata ya kasance. Ya ƙara da cewa mutumin, bayan ya manyanta ya yi suna, ya sake ɗauko zanen nan na samartakarsa ya yi masa gyare-gyare, domin ya dace da darajar da ya kai.

Wannan ya shige ni ƙwarai. Na ga mutum wanda bai bar wa kowa ikon faɗin ko shi wane ne ba. Na riƙe wannan a matsayin ƙa'ida, kuma ban yi nadama ba. Duk tsawon aikina, daga ƙaramin malami a ƙauye har na zama daraktan lakol a garin Agiye, ba a taɓa ganina gaban aji da riga a yamutse ba, ba a taɓa jin na tauna kalma ba. Yaron da iyayensa ba su da komai yana bukatar ya ga mutum a tsaye sosai, ya san ana iya tsayuwa haka.

Shekarun baya kaɗan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da ni. Allah ya tashi kafaɗata, ƙafa ta dawo, hannu ya dawo, amma bakina ya karkace ta hagu, ya zauna a haka. Matata Hajiya ce ta yi jinyata. Ita ke ba ni kunu a cokali, rabi ya shiga rabi ya zubo, ta share mini gefen baki da bakin mayafinta, ta sake ɗebowa. Ita ke zaunar da ni ta sa ni maimaita Fatiha, kamar yadda na sa ƴaƴan mutane maimaita karatu, har harshena ya warware. Ba ta taɓa bari baƙo ya shigo ba sai ta gyara ni.

Bana tsofaffin ɗalibaina suka aiko cewa suna son hotona, babba, su rataye a buro, wato ofishin lakol ɗin Agiye. Na san wannan hoton ne zai saura bayan ba ni. Na sa babbar riga, na hau kabu-kabu zuwa shagon Laminu mai hoto a bakin kasuwa, wanda mahaifinsa ya zauna a ajina. Ya ɗauka, ya nuna mini a na'urarsa. Na duba, na ce ya miƙar mini da bakin. Cikin ɗan lokaci ya miƙar. Har ya so ya shafe mini tsagen Gobir, wai haka ake yayi yanzu, na ce kada ya kuskura, waɗannan na gidanmu ne. Na dubi mutumin da ke cikin na'ura na gamsu. Ban ga ƙarya a ciki ba. Fuskar da yaran suka sani ke nan, ita suka nema.

Aka wanko shi, aka sa a gilashi, na kawo gida na jingine a bango. Hajiya ta zo ta tsaya. Ta daɗe, har na tambaye ta ko bai yi ba.

"Ya yi kyau, Malam," ta ce. "Wannan shi na aura." Ta gyara mayafinta. "Amma ba shi na yi jinya ba."

Ta koma wajen tukunyarta. Ni kuwa na zauna a kujera, sai na ji ƙamshin ɓawon gyaɗa a wuta kamar yana cikin ɗakin. Na ga tsagena a hoton, kowane layi a miƙe, babu abin da ya gitta su. Tun ina yaro nake ɗaukar tabon Dije a matsayin aibin da ta ji kunyarsa. Sai a ranar na lura cewa tabon ba nata ba ne ita kaɗai. A wurin ne ita da ɗanta suka haɗu, a nan ta tare masa wuta, a nan yake ajiye yatsa. Ba ta da ikon cire shi ba tare da ta cire yaron ba. Ni ma abin da na sa Laminu ya shafe da yatsa ɗaya, watannin Hajiya ne, da cokalinta, da bakin mayafinta.

Washegari na koma shagon. Laminu ya tashi ya ba ni kujera, yana tambaya ko launi ne bai fito ba.

Na ce, "Mayar mini da bakina."

"Baba Darakta, a buro fa za a rataye. Manyan mutane za su gani."

"Su gani. Na koya musu karatu da miƙaƙƙen baki, yanzu su karanta wannan."

Har yanzu ina girmama mai zanen nan Bafaranshe. Hannunsa ne, fuskarsa ce, kuma mutumin da ya gina kansa da aiki yana da haƙƙin ya ce ga yadda za a tuna da shi. Abin da malaminmu bai faɗa mana ba, ni kuma ban tambaya ba domin ina saurayi, shi ne ko akwai wani a gidan mutumin da ya tsaya gaban zanen bayan gyara yana neman abin da ya sani ya rasa. Kaka ba ta taɓa ganin zanen Turawa ba, amma na tabbata wannan ce tambayar da za ta fara yi.

Ranar da ɗalibaina za su zo ɗaukar sabon hoton, na fito na tarar da Hajiya ta ɗora shi a cinya tana goge gilashin kafin a naɗe. Ba ta ji fitowata ba. Da bakin mayafinta take gogewa, kuma daga gefen bakin nan na hagu ta fara.