Naman da Inna ta Tara

Likita ce ta tura ni wurin, ba son raina ba. Na je mata da ciwon kai da jiri, ta ɗaura mini abin awo a damtse, ta ce tansiyona ya hau, hawan jini ke nan, in ban rage ƙiba ba wata rana a biro, wurin aikina, zan yanke jiki in faɗi. Lokacin na haura arba'in, ina aikin sakatariya a Yamai, 'ya'yana uku duk suna karatu a lakol. Tsoron barinsu marayu ya sa na rubuta sunana a wani gidan motsa jiki da 'yan birni ke kira sal, can saman bene.

Tun ranar farko na tsani wurin. Madubi ta ko'ina, duk inda ka juya tumbinka na kallonka. Kiɗa kamar gidan biki, warin zufa ya gauraye da turare mai tsada. Matan manya su zo cikin mota, direba na jiransu a ƙasa, su hau inji su yi ta tafiyar da ba ta kai su ko'ina. Ka yi musu sallama su amsa da hanci, kunnuwa a toshe da waya. Mu a Dakoro ko gobara za ka kashewa sai ka tsaya ka tambayi mutum gajiya.

Talata da Alhamis da la'asar ake yoga. Malamar wata siririya ce kamar tsinken tsire, ta zauna Turai har ta baro rabin Hausarta can. Ita ce ke koya mana numfashi, ni da na shekara arba'in ina numfashina ba malami. Mu shimfiɗa tabarmar roba, a lanƙwasa mu, a miƙe mu, a ce mu rufe ido mu manta da duniya. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne abin ya yi aiki. Cikin wata biyar jirin ya tafi, rigunana suka fara yi mini yawa.

Sai dai akwai wadda ban yi shawara da ita ba. Ni ce 'yar farin Inna, don haka bakinta bai taɓa kama sunana ba, balle ta ce tana sona. Abin da baki ya ji kunyar faɗa, ludayi ke faɗinsa. Duk zuwana gida, kafin in ajiye jaka za ta kama damtsena ta matsa. In yatsunta suka nutse sai ta kau da kai ta shiga wata magana, ni kuma in san ta ji daɗi.

Wata ƙanwata ce ta nuna mata hotona na wurin wani bikin suna a salula. Kwana uku bayan nan na dawo daga aiki na tarar da Inna zaune a tsakar gidana. Ta biyo mota daga Dakoro zuwa Maraɗi, daga can ta shigo kar, babbar motar fasinja, ita da ko Ajekoriya da ke kusa da mu sai da dalili take zuwa. Gabanta ga garin gero, ga kwalbar man shanu, ga cukun da ta saya hannun matan Azagor. Maigidana ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa masa a daƙile, bawan Allah bai san laifinsa ba.

Da ya fita ta kama damtsena ta matsa, ta daɗe ba ta saki ba.

"Ke, mi ya same ki? Hatsi ya ƙare ma mai gidan naki, ko ciwo kike ɓoye mani?"

Na yi mata bayanin likita da tansiyo da sal. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Ki tahi da ni in ga wurin."

Da ina da wayo da na ce an rufe. Ranar Alhamis na ɗauke ta muka hau benen nan. Ta dubi injuna, ta dubi matan da suka matse cikin wando. Aka miƙo mata kujera ta ƙi, ta koma lungu ta tsuguna kamar yadda take yi bakin murhu, dugaduganta a ƙasa, bayanta a miƙe.

Muna tsakar nishi sai malamar ta tafa hannu ta tsayar da aji.

"Ku duba Mama! Wata biyu ina koya muku wannan zama, ga shi ita tana yi ba wahala."

Duk suka juya suka zuba mata ido, wasu har da tafi. Malamar ta matsa kusa, ta shafa gadon bayan Inna, ta ɗage mata mayafi ba ko neman izini, ta zagaye tsintsiyar hannunta da yatsu biyu ta ɗaga a gani.

"Ba kitse ko kaɗan. Mama, faɗa mana sirrin. Me kike ci?"

Inna ta dube ta ta ce, "Anza."

Nan da nan aka zaro salula ana rubutawa. Wata mai zoben zinare a kowane yatsa ta tambaya ko ana samunsa a kanti, wata ta ce da safe ake sha ko da yamma.

Ni na san anza. Ina 'yar shekara bakwai damina ta ƙi, rumbunmu ya koma wurin kwanan kaji, Baba ya tafi kudu ci-rani. Anza 'ya'yan wani icen daji ne masu ɗacin tsiya, sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin su ciwu. Ɗan geron da ya samu Inna ta dama mana kunu, ita ta juya mana baya ta ci anza. Jikinta ya zube a shekarar nan, bai ƙara komawa ba har yau. Wannan hannun ne aka ɗaga ana yi wa tafi.

Ban san sanda na tashi ba. Na ce wa malamar ta saki hannun uwata. Na ce wa masu rubutu su rubuta da kyau, sunan maganin yunwa, kuma ba a kanti ake sayar da ita ba. Na ce ƙoshi ne ya yi musu yawa har suke biya a wahalar da su. Malamar ta haɗa hannuwa a ƙirji ta ce, "Madam, ki ja numfashi." Amsar da na ba ta ba ta rubutuwa, kuma har gobe ban yi nadama ba. Na ja Inna muka fita, tabarmar robar ma can na baro musu.

A matakala ta tsaya ta dafa bango, na zaci gajiya ce.

"Don mi kika yi masu hwaɗa? Su ba su sani ba." Ta gyara mayafinta, ba ta dube ni ba. "Ke da kin sani, ke ce kika kawo masu naman da na tara maki."

Da mari ta yi mini da ya fi sauƙi. Na so in ce Inna, naman nan ne zai kashe ni, sai kawai na kama hannunta muka sauka.

Ban sake taka benen nan ba, in na wuce ta ƙofar ma tsaki nake ja. Amma maganar likita tana nan, yaran kuma ba su gama lakol ba. Yanzu da ƙafa nake zuwa biro kowace safiya, ina gaisawa da masu waina da masu gadi, ƙibar kuma ba ta dawo ba.

In zan je Dakoro nakan ɗaura zane biyu a ciki, in sa riga mai faɗi a sama. Aikin banza ne, zane ba ya rufe damtse. Kafin in ajiye jaka ta kama ta matsa, yatsunta su tarar da ƙashi. Ta jawo ƙwarya ta dama fura, ta ƙara nono, ta ƙara man shanu, ta turo gabana ta juya baya. Ƙwayar tansiyo na cikin jakata, ni kuma sai na ga ƙasan ƙwaryar nake ajiye ludayi.