Bara'atu da Idon Jikokinta

Bara'atu mai kaɗin zare ce a Ƙofar Rini, mace mai son zumunci. Ita ta tsaya tsayin daka har aka ɗaura auren ɗanta Gidaɗo da Juwairiyya, ɗiyar ƙanenta na Dundaye. Yaran suna son juna, kowa ya sa albarka.

Ɗansu na fari, Hayatu, yana fara tafiya wani fari ya soma rufe masa baƙin ido, kamar an ɗiga nono a ruwa. Yatsunsa suka ƙage, tsawo ya ƙi. Aka ce hakiya ce, aka yi ta rubutu da kwalli. Ya rasu ko kaciya ba a yi masa ba. Sai ga ƙanwarsa Lantana da irin ciwon.

Lokacin Nasara ba su daɗe a Sakkwato ba, mutane na gudun likitansu. Bara'atu ta goya Lantana ta kai masa. Ya haska idon, ya tambaya ta bakin tafinta ko iyayen yarinyar 'yan'uwa ne. Da ta amsa, ya ce irin wannan ciwo yakan ɓuya a jinin dangi, sai jini ya gamu da jini ya fito. Ya ce a ƙasashensu an taɓa yanko fatar gaban idon wani aka ɗinka wa makaho, har makahon ya gani.

"Ce mashi shi yanki nawa shi sa mata," in ji Bara'atu. "Ni na ƙoshi da kallon duniya."

Likitan ya ce babu mai iya wannan a nan, shi ma labari ya ji.

Ba ta faɗa wa kowa zancen jinin ba. In Juwairiyya na kuka tana cewa nononta ne ya cuci 'ya'yan, Bara'atu takan buɗe baki, sai ta ce a yi haƙuri kawai. Ta ɗauke Lantana zuwa ɗakinta, ta koya mata fidda gurya daga auduga da lalube. Suna tare har yarinyar ta rasu tana gab da zama budurwa.

Daga baya Juwairiyya ta haifi Junaidu, idonsa garau. Duk da haka kowace safiya Bara'atu takan juya fuskarsa ga rana ta leƙa, har ya girma ya fara cewa, "Kaka, sake ni, ina gani."