Ranar da Kwalliyarmu Ta Kusa Cinye Aikin Wani Bature

Ko tsufa zai kwashe mini komai a kai, har sunan unguwarmu, wannan abin guda ba zai tafi ba. Wajen ƙarshen shekarun saba'in ne, ina lebura a wani kamfanin jimar fata a Challawa, ina kwana a Panshekara. Turancina bai cika cokali ba, amma bakina ya fi injin kamfanin gudu, don haka duk baƙon da ya zo ni ake haɗa shi da shi.

Wata Litinin manaja ya kira ni, ya ce ga Turawa biyu daga wata ƙasar 'yan gurguzu, an ba su izinin ɗaukar fim ɗin ma'aikata, kwana biyu kacal. Ɗaya dogo mai furfura, shi ne daraktan. Ɗayan gajere, ba ya dariya, ba ya rabuwa da wani ɗan littafi. An ce mataimaki ne, amma ko jaka ban ga ya ɗauka ba.

Kafin a tashi na zagaye sashe-sashe ina shela cewa gobe za a haska mu a Turai, har sarauniyarsu za ta gan mu, alhali ƙasar tasu ko dagaci ba ta da shi. To kun san mutanenmu da hoto. Washegari kamfanin da ƙuda ke suma saboda wari ya koma gidan biki. Manyan riguna sun sha sitaci, huluna a kafe, turare har ya kori warin fata. Wani ɗan Damagaram agogo ya aro, ko tafiya ba ya yi.

Darakta ya shigo ya tsaya cak, fuskarsa ta yi ja, ta koma fara fat. Gajeren ya buɗe littafinsa ya hau rubutu.

Da rana, da gajeren ya shiga ofis buga waya, daraktan ya ja ni bayan tankin ruwa. Da gurgun Turancinsa da makahon nawa muka lallaɓa. Ya ce a ƙasarsu gwamnati ce ke ba shi komai: gida, mota, hutu a bakin teku, da wani kanti na manya inda yake sayen nama ba layi. Bai taɓa yawon neman mai ɗaukar nauyin fim ba. Na ce masa don Allah ya tafi da ni, ko goge masa takalmi na riƙa yi. Ya ce in bari ya ƙarasa. Kowane fim sai kwamiti ya karanta kafin a fara, ya kuma kalla bayan an gama. Fim ɗinsa na baya shekara uku yana yi, aka kulle shi a kabad saboda wani ma'aikaci a ciki ya yi hamma ana jawabin shugaba. Wannan karon an turo shi ya nuna yadda 'yan jari-hujja ke tsotse talakan Afirka. In ya koma da hoton mutane cikin manyan riguna suna washe baki, gida da mota sun tafi, 'yarsa kuma za a cire ta daga jami'a.

Bakina ne fa ya jawo wannan. Na tafi wajen dattijon sashenmu, mutumin da in ya ce a zauna ba mai tashi, na roƙe shi gobe kowa ya zo da tsummansa. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai, ina da surukai. In fito wa duniya da yagaggen wando don wani ya ci nama ba layi?"

"Baba, ai surukanku ba sa zuwa Turai."

"Hoto ƙafa gare shi."

Sai na ba shi labarin 'yar. Can ya naɗe hannun rigarsa ya miƙo mini hannuwansa biyu.

"In wahala yake nema, ba a riga take ba. Ga ta nan. Ya ɗauki wannan, ya bar mana fuskokinmu."

Kullum muna aiki kafaɗa da kafaɗa, amma ban taɓa kallon hannun nan ba sai ranar. Tafin kamar bayan kada, farata sun yi baƙi ƙirin, maganin jima ya cinye tsakanin yatsu. Na duba nawa, na ga ashe hanyar ya kama.

Da na kawo daraktan ya gani, sai da ya cire tabarau ya goge. Washegari tun safe hannuwa yake ɗauka: mai kankare fata, mai tsamo ta daga kwatami, mai gutsurar burodi. Daga wuya zuwa sama kuwa kowa yana cikin hularsa yana ta fara'a, kyamara ba ta sani ba. Gajeren ya leƙa sau ɗaya ya gyaɗa kai, wanda a wurinsa daidai yake da rawa.

Bayan watanni takardar daraktan ta zo ta hannun manaja. Kwamiti ya yarda da fim, yarinya tana karatunta. Ya ce hannuna ya fito sau biyu. Ni dai har yau ina gaya wa jikokina ni ne jarumin fim ɗin.

Tun daga nan na daina kallon motar mutum ina haɗiyar yawu, sai na ji abin da aka karɓe masa kafin a ba shi makullin. Ni a kan tsohon kekena na koma Panshekara ranar, na zauna teburin mai shayi na yi gulmar manaja son raina, gari ya waye ina nan da aikina.