Ranar da rijiyar coci ta rufta

Ni ba na tsoron mutum, kowa ya san haka a unguwar Hausawa ta Inugu. Shekara da shekaru ina toya waina a bakin hanyar Uwani, ban taɓa sunkuyar wa wani da kai ba. Amma akwai wata Asabar da na san menene tsoro.

Bahaushiya ce ni, Kirista. Marigayi maigidana ma'aikacin jirgin ƙasa ne, shi ya kawo ni kudu, shi ya saba mini da wani ƙaramin cocin Firesbiteriyan a ƙauye, can bayan gari. In mun taru duka, ba ma cika kujerun. Faston ma ƙauyuka uku yake zagayawa. Dattawan coci ne ke riƙe da komai, ko ƙusa ba a bugawa sai sun zauna sun yarda. Ni aikina shara. Duk Asabar in hau okada in je in share in goge. Mama Awusa suke ce mini, wato Mama Hausa a bakinsu.

Da suka so haƙa rijiya, ni na kawo musu mai haƙa, wani magidanci Musulmi daga wajen Katsina da ke cin waina a wurina. Ni na tsaya masa a gabansu, ni na ce wa mutanen unguwa a bar shi ya je, ba abin da zai same shi.

A makon kuwa gari ba daɗi. An ce an yi faɗa tsakanin manoma da makiyaya a wani wuri, samarin ƙauyuka sun sa shinge a hanya. A unguwarmu mata sun ɗaure kaya sun ajiye bayan ƙofa.

Ranar Asabar ina cikin shara na ji ƙasa ta yi wani irin nishi, ashe rijiyar ce ta rufta. Abokin aikin mai haƙar ya tafi gari sayen igiya, shi kaɗai ne a ramin. Aka kaɗa ƙararrawa, mutane suka baro gonaki a guje. Babban dattijonmu, tsohon malamin makaranta ne, ya shiga ramin da kansa yana tonon ƙasa da hannu, don kada shebur ya sari mutum. Kafin su fito da shi, rai ya yi halinsa.

Na zauna a ƙasa ban san na zauna ba. Da hankalina ya dawo, sai na ga mata sun goge masa fuska, sun kawo farar riga da laktaye. Kafinta yana auna tsawonsa. An aika a kira mota a kai shi mutuware. Wai a ajiye shi wata ɗaya ko biyu, a nemo danginsa, a yi masa akwati mai kyau da biki, tunda a aikin Allah ya mutu. A wurinsu wannan shi ne iyakar girmamawa, kuma da hawaye suke faɗa.

Ni na san unguwarmu. Mutum ya fita da safe lafiya, a irin wannan mako, babu Bahaushe ko ɗaya da ya ga abin da ya faru, sannan a ce gawarsa tana cikin ƙanƙara an yi mata allura? Za a ce kashe shi suka yi suka ɓoye. Samarin unguwa su taso, na ƙauye su tare su. Cocin nan ashana ɗaya ta ishe shi.

Na ce wa babban dattijo, gawar Musulmi ba ta kwana, yau za a rufe shi, babu akwati, babu laktaye, kuma maza ne ke yi wa namiji wanka. Ya dube ni kamar na ce a jefar da shi a bola. Ya ce sai dattawa sun zauna.

"Baba, rana ba ta jiran zamanku," na ce.

"Mama Awusa, ko gobara ce sai mun yi addu'ar buɗewa."

Suka shiga suka rufe ƙofa. Na tsaya jikin taga ina kallon inuwar mangwaro tana tafiya. Ina jin su da Inyamuranci, wani yana cewa in 'yan sanda suka tare mu da gawa fa, wani yana cewa in Hausawa suka riƙe wanda ya kai ta fa. Ban ga laifinsu ba.

Da suka fito, sun yarda. Wata dattijuwa ta ɗauko farin mayafin teburin jibin Ubangiji da ke gaban coci don a lulluɓe shi. Na riƙe hannunta, na nuna mata giciyen da aka ɗinka a tsakiya. Ta ninke shi ta mayar. Sai ta buɗe akwatin zumuntar mata ta fito da sabon farin yadi da muka saya don ɗankwalin taro, almakashi bai taɓa shi ba.

Babban dattijo ya ce shi zai raka. Muka zauna a bayan a-kori-kura, gawa a tsakaninmu. A shinge samari suka leƙo da adduna a hannu, suka tambaya wane ne. Dattijo ya kira kowannensu da sunan ubansa, ya ce baƙonmu ne, gida za mu kai shi. Suka janye itacen. Ni dai Zabura nake ja a zuci, ina tsallake rabi.

A ƙofar masallacin unguwa mutane suka kewaye motar. Na durƙusa na gaida liman, na faɗa masa komai, har da matan da suka goge fuskar, ban rage ba. Wani saurayi daga baya ya ce wa ya gani, ai ita ma tasu ce.

Liman ya matso jikin motar. Ya buɗe yadin ya duba, ya rufe. Sai idonsa ya sauka kan hannuwan dattijo. Farata sun ɓare, jini da jar ƙasa sun bushe a kai.

"Wannan fa, Iya?"

"Da su ya tono shi, Malam."

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce a kawo wa baƙo ruwa da kujera, ya ce yadin nan ya isa likkafani.

Bayan la'asar aka sallace shi aka kai shi. Dattijo ya tsaya nesa da hula a hannu. Da maza suka dawo, ya raɗa mini yaushe za a fara jana'izar, don ya shirya 'yar magana da zai yi. Na ce an gama. Ya kasa yarda.

Abokin aikin ne ya ƙarasa rijiyar bayan damina. Har yau ina zuwa shara, ina kuma ɗiban ruwanta in yayyafa wa daɓe. Amma ba na leƙawa ciki, kuma in ƙararrawa ta kaɗa ba ranar Lahadi ba, sai na nemi bango na dafa.