Gumsu da Wutar da Ta Tsallake Shara

A wani ƙauye yamma da Dogo-Dogo, daidai inda gonakin hatsi suke ƙarewa makiyaya ta fara, akwai wata mata mai suna Gumsu. Saƙar tabarma da faifai ce sana'arta, kuma da kanta take shiga daji yankan kaba, don haka ta san dajin fiye da maza da yawa. Ba ta yi lakwal ba, wato makarantar boko, amma tun tana ƙarama ba ta iya ganin abu ta wuce shi. Mijinta, Malam Alkasim, ya daɗe da sabawa. In ya ga ta tsaya cak a hanyar rijiya tana kallon ƙasa, sai ya sauke kayansa ya nemi inuwa.

Shekarar da ake ba da labarinta, damina ta yi albarka. Ciyawa ta kai ƙugu, ƙarangiya ta rufe tuddai. Da kaka ta shigo ruwa ya ɗauke, safiya ta yi daɗi, ga ɗan sanyi-sanyi, sama garau. Amma cikin mako biyu ciyawar nan ta bushe ƙayau, iska kuma ta juya ta fara busowa daga gabas. Kowa ya san abin da wannan yake jawowa. Ma'aikacin gandun daji, wani saurayi Abdoul Razak, ya zo kan moto, wato babur, daga Dungas, ya tara maza. Suka share wata faffaɗar hanya tsakanin makiyaya da gonaki, faɗinta taku ashirin, suka kwashe ciyawar tas, don in wuta ta zo ta rasa abin ci ta tsaya. Shara kawai mutanen garin suke ce mata.

Bayan wata guda wutar ta zo, ranar kasuwa da azahar, yawancin maza ba sa gari. Ta taso daga gabas, iska na kora ta. Ta iso shara, ta yi kamar ta mutu. Can sai ga hayaƙi a ɗaya gefen. Kafin a kashe ta da ganye da rairayi, ta cinye dammunan hatsin gida shida da ba a kai rumbu ba, har da na Malam Alkasim.

Nan da nan magana ta tashi. Wasu suka ce makiyayan da suka sauka kusa da tabki ne suka cinna ta da gangan a gefen gonaki. Gumsu ta ji, ta kasa yarda. Ciyawar da dabbobinsu za su ci har bazara ita ta fara ƙonewa, to me za su samu?

Washegari da hantsi ta ɗauki sanda ta tafi wurin. Ƙasa baƙa ƙirin, tana ƙamshin toka. Ta lura wutar ta hau tudu da gudu, don a can ko ƙananan itatuwa ba ta tsaya ci ba, amma a gangara ta yi tafiyar hawainiya ta cinye kome. Wannan ma ta ajiye shi a ranta. Sannan ta shiga sharar kanta tana bin ta a hankali. Babu ciyawa, gaskiya ne. Amma ga sawun jakuna da na amalanke birjik. Tun da aka share wurin, kowa ya mai da shi hanya, tunda babu ƙarangiyar da za ta kama zane ko wando. Ga kuma wasu ƴan ɗigon farar toka, ƙanana kamar goro, warwatse daga wannan gefe zuwa wancan. Ta tsuguna ta taɓa ɗaya, ya ruguje. Ta sansana yatsanta.

Da ta dawo gida, ta zo da busasshen kashin jaki cike da ƙwarya. Ta share tsakar gida, ta sa wa guda uku wuta, ta zauna a gabansu.

Malam Alkasim ya fito ya tsaya a kanta. "Gumsu, hatsinmu ya ƙone, ke kuma kina gashin kashin jaki?"

"Malam, zauna ka gani. Ciyawa tana ci ta mutu nan take. Wannan fa?"

Bai zauna ba, ya tafi gona. Ya dawo ya tarar da ita a wurin. Ta tsaga ɗaya da tsinke, cikinsa jajir.

"Har yanzu?" in ji shi.

"Har yanzu."

Ranar Juma'a Abdoul Razak ya dawo don a zauna kan zancen makiyayan. Ana ƙofar gidan maigari, murya ta fara hawa, sai ga Gumsu da ƙwarya da faifai. Mata ba sa shiga irin wannan zama, amma mijinta ne ya riƙo mata garwashin wuta, don haka ba wanda ya hana. Ta durƙusa ta yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, ba magana na kawo ba. Abu ne nake so a gani."

Ta tara busasshiyar ciyawa can gefe guda. A wannan gefen ta kunna kashin jakin, ta bari ya ci har ya yi kamar ya mutu. Sannan ta shiga fifita da faifai da ƙarfi. Abin ya yi ja, ya gangara, mara nauyi kamar auduga, ya yi ta birgima a kan rairayi har ya shige cikin ciyawar. Siririn hayaƙi ya tashi, sai wuta bal.

Wani tsoho ya yi salati. Abdoul Razak ya sauko daga kan benci ya tsuguna kusa da ita.

"Inna, sake yi in gani."

Ta sake. Na biyun ya tsaya a hanya, na ukun ya kai.

"An koya mana faɗin shara da tsawonta," in ji shi, "amma ban taɓa tunanin abin da zai taru a kanta bayan an share ba. Wa ya nuna miki?"

"Ɗana, toka ce. Tana nan a wurin, kowa zai iya zuwa ya duba."

Zancen makiyaya ya mutu a ranar. Babu wanda ya san abin da ya fara tayar da wutar a can gabas, kuma Gumsu ba ta ce ta sani ba. Abin da ta ce kawai shi ne ba hannun mutum ne ya tsallakar da ita ba. Maigari ya sa a riƙa tsince sharar kowace Alhamis har ƙarshen rani. Mata suka karɓi aikin da kwanduna, suna kai abin da suka tsinta gonakinsu taki.

Yanzu Gumsu ta haura sittin, gwiwa ta fara damunta, jikokinta mata ne suke yanko mata kaba. Bara wuta ta sake zuwa, ta tsaya a shara tsawon hanya, sai wuri ɗaya tak da ta tsallake, kusa da wata tsohuwar aduwa, aka kashe ta da wuri. Wurin tsaf yake, an tsince shi kwana biyu kafin nan. Abdoul Razak, wanda yanzu yake aiki a Magarya, ya bugo wayar Malam Alkasim yana tambayar ko Inna ta gano dalili.

"Ba ta gano ba tukuna," in ji Malam. "Tana zargin sheƙar tsuntsayen da ke kan aduwar ce ta kama wuta, iska ta tsallakar da ita. Gobe za ta sa in kai ta a amalanke ta duba itacen."