Ramuka Talatin a Lambun Filinge

Ran Laraba ce, zamanin mulkin soja. Bayan asuba na buɗe lambun gari kamar kullum, ni ne mai ba shi ruwa. Ramuka talatin na haƙa a makon nan, don dashen dogon yaro. Sai kukan kurciya da ƙarar guga.

Ƙarfe bakwai wata mota ta tsaya a ƙofar yamma. 'Yan tawaye ne, da rawani da bindigogi. Babbansu ya ga ramukan, ya yi murmushi.

"Tsoho, ɗauko shebur!"

Suka sa ni na tsawaita kowane rami daidai kwanciyar mutum, don su ɓuya ciki. Na ce musu lambun nan kwari ne, wanda ya hau shato, babban tankin ruwan gari, yana ganin ko ƙadangare a ciki. Suka yi mini dariya. Wawaye, wallahi.

Ba kaina nake ji ba. Matata Ramatu ce. Kullum sha ɗaya take kawo mini fura ta ƙofar gabas, shekara ashirin ba ta taɓa fashi ba. Na roƙi a bar ni in aika mata. Aka tura ni cikin rami.

Ƙarfe goma na ga hulunan soja bisa shato. Garin ya yi tsit. Na ce a raina ai ta ji labari, za ta zauna gida. Amma na san halinta, taurin kai gare ta.

Sha ɗaya ƙofar gabas ta yi ƙara. Ban taɓa sa mata mai ba.

"Ramatu, koma!"

Ban san wa ya fara harbi ba. Na ji ƙwarya ta faɗi, ludayi ya gangara.

Har la'asar ana wuta. Da katangar kudu ta rushe, mutane suka ja ni muka bi ta cikin gero. Kwana biyu a ƙafa zuwa garin Bankuku. Ina ta waiwaye.

Bayan kwana tara na komo. Maƙwabta suka ce hanyar maƙabarta ba ta biyuwa ran nan. Sun yi wa Ramatu sutura, suka sa ta a rami na uku daga ƙofa. Ni na auna shi da hannuna.

Damina ta sauka, na dasa ashirin da tara. Yau sun fi shaton tsawo. Har yanzu in ƙofar nan ta yi ƙara sai in waiwaya, kuma na hana kowa sa mata mai. Da safe guga talatin nake ja.